Louis Pasteur (1822–1895): Ɗan Majemin da Ɓarin Jikinsa Ya Shanye

A wannan shafi mun saba kawo tarihin waliyyai da shahidan Ikilisiya. Mutumin da za mu duba rayuwarsa a wannan fitowa ba ya cikin jerinsu. Masanin kimiyya ne, ɗan ƙasar Faransa, mai suna Louis Pasteur. Faransawa suna furta sunan kusa da yadda muke cewa fasto, ma'anarsa kuwa a harshensu makiyayi. Abin da ya sa na ɗauko shi shi ne abin da idona ke gani idan na fita kai wa marasa lafiya Tarayya Mai Tsarki. Sau da yawa nakan tarar da magidanci ɗan shekara arba'in, ko mace mai goyo, a kwance a ɗakin baya, hannu da ƙafa sun shanye, baki ya karkace, mutanen gida kuma sun riga sun yi masa makoki tun yana numfashi. Pasteur yana da shekara 45 sa'ad da wannan ciwo ya kayar da shi. Ya ƙara shekara 27 a duniya, kuma a cikinsu ne ya yi ayyukan da aka fi tunawa da shi dominsu.

An haife shi ranar 27 ga Disamba, 1822, a garin Dole da ke gabashin Faransa, ya girma a Arbois, inda mahaifinsa Jean-Joseph, tsohon saje a rundunar Napoleon, yake sana'ar jima a bakin rafi. Duk wanda ya taɓa bi ta majema ya san irin warin da yaron ya tashi a ciki. A makaranta bai fi 'yan ajinsu ba, abin da aka san shi da shi shi ne zanen hotunan mutane. A hankali ya ja jiki har ya shiga babbar makarantar horar da malamai ta birnin Faris a 1843, ya karanta ilimin haɗa sinadarai. A 1849 ya auri Marie Laurent a Strasbourg. Allah ya ba su 'ya'ya biyar, huɗu mata, ɗaya namiji.

Ba zan daɗe a kan ayyukansa na farko ba. Ya nuna cewa wasu halittu ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubi mai ƙara girman abu, suke sa ruwan inabi ya yi tsami, madara ta lalace, romo ya ruɓe. Ya kuma nuna cewa waɗannan halittu ba sa tsirowa haka kawai daga cikin abin da ya ruɓe, ƙurar iska ce take kawo su. A 1865 ya fito da dabarar ɗumama ruwan inabi daidai gwargwado domin kashe su, dabarar da daga baya aka yi wa madara, har yau kuma da sunansa ake kiranta. Wani likitan fiɗa a Birtaniya, Joseph Lister, ya karanta rubuce-rubucensa, ya fara tsabtace raunuka da kayan aiki da magani kafin ya taɓa majinyaci, mutuwar da ke bin bayan fiɗa ta ragu.

A wannan shekara ta 1865 malaminsa Jean-Baptiste Dumas ya roƙe shi ya tafi Alès, a kudancin ƙasar, inda wata annoba take kashe tsutsar da ke saƙa zaren siliki, ta bar dubban iyalai cikin talauci. Dattawanmu da suka san rigar tsamiya sun san cewa daga irin wannan tsutsa ake samun zare mai tsada. Pasteur bai taɓa riƙe tsutsar a hannunsa ba, amma ya tafi. Bai yi kwanaki da yawa da isa ba aka aiko masa cewa mahaifinsa yana bakin mutuwa, kafin ya kai Arbois tsohon ya cika. A watan Satumba ƙaramar 'yarsa Camille, mai shekara 2, ta rasu. A watan Mayu na 1866 zazzaɓin taifot ya ɗauke Cécile, mai shekara 12, irin ciwon da ya kashe 'yar farinsa Jeanne a 1859 tana da shekara 9. Uba ɗaya ya binne 'ya'ya uku cikin shekara bakwai, bayan kowace jana'iza kuma ya koma bakin madubinsa. Yana koyarwa a Faris, yana kiwon tsutsa a kudu, yana faɗa da dillalan ƙwan tsutsa waɗanda bincikensa ya taɓa cinikinsu, yana kuma bin gwamnati ta gina masa ɗakin bincike.

Ranar Litinin, 19 ga Oktoba, 1868, ya tashi da wani irin tsikari a ɓarin jikinsa na hagu. Bai ɗauke shi da muhimmanci ba, domin ya yi alkawarin gabatar da takardar wani masani ɗan Italiya a taron Majalisar Masana Kimiyya a ranar. Matarsa ba ta yarda da yanayinsa ba, ta raka shi. Ya gabatar da takardar, ya dawo gida, ya ci abinci kaɗan, ya kwanta. A daren nan ciwon ya buge shi. Magana ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Hannun hagu ya yi nauyi, ƙafa ta bi, kafin kwana biyu ɓarin hagu gaba ɗaya ya mutu. Likitoci suka yi abin da zamaninsu ya sani, suka manna masa matsattsaku a bayan kunnuwa domin su zuƙe jini. Abokansa da almajiransa suka riƙa kwana a bakin gadonsa bi da bi, yawancinsu kuma sun ɗauka ban kwana suke yi.

Bari in tsaya a nan, domin wannan tsikari na safe shi ne wurin da mu ma muke yin asara. Shanyewar ɓarin jiki daga ƙwaƙwalwa take farawa. Ko dai gudan jini ya toshe wata jijiya da ke kai jini can, wannan ne ya fi yawa, ko kuwa jijiyar ta fashe jini ya malala a ciki. Sashen da bai sami jini ba yakan fara mutuwa cikin mintoci, gaɓar da yake sarrafawa kuma ta daina jin umarni. Babban mai jawo wannan shi ne hawan jini, wanda zai iya zama a jikin mutum shekaru ba tare da ya ji komai ba. Ciwon sukari da shan taba suna ƙara haɗarin, ciwon sikila kuwa yana iya kawo shi ga yaro ƙarami. A ƙasashenmu ciwon yakan kama mutane tun da sauran ƙarfinsu, da wuri fiye da yadda yake yi a Turai. A zamanin Pasteur babu abin auna hawan jini a ɗakin likita, babu na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Yanzu akwai su, akwai kuma allurar da ke narkar da gudan jini, a asibitin da ke da ita, idan an kai mutum cikin awa huɗu da rabi kuma hoto ya nuna toshewa ce. Saboda haka idan baki ya karkace, ko hannu ya kasa ɗaguwa, ko magana ta sarƙe, ko da abin ya wuce bayan 'yan mintoci, mota za a nema nan take. Na ga gidajen da aka kwana uku ana turare da shafe-shafe, ana bin sawun wanda ya yi jifa, har aka raba zumunci da ɗan'uwa a kan ciwon da ma'aunin hawan jini zai iya bayyanawa. Ku kira Fada ya zo ya yi addu'a ya shafa mai, hakkin marar lafiya ne, amma Fada zai iya samunku a asibiti.

Pasteur bai mutu ba, hankalinsa kuma bai gushe ba. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna gittawa ne, sashen dama yana riƙe da ɓarin hagu na jiki, sashen hagu yana riƙe da na dama. A cikin shekarun nan ne ma wani likita a Faris, Paul Broca, ya nuna cewa ga yawancin mutane mazaunin magana yana sashen hagu. Ciwon Pasteur a dama ya sauka, don haka ya bar masa harshe da hannun rubutu. Mako guda bayan faɗuwarsa, yana kwance, ya yi wa almajirinsa Désiré Gernez shifta ta wata takarda a kan ciwon tsutsa, aka karanta ta a gaban Majalisar.

Wani abu ya faru a waɗannan kwanaki da ya fi tsaya mini a rai. An riga an fara gina masa ɗakin binciken da ya daɗe yana roƙo, kusa da gidan da yake kwance. Da labari ya bazu cewa ba zai tashi ba, sai aka janye magina, don me za a kashe kuɗi a kan matacce? Yana tambayar matarsa da 'yarsa yadda ginin yake tafiya, suna leƙawa ta taga suna ba shi amsa a dunƙule. Amma ciwo bai taɓa kunnensa ba, ya kuwa lura ƙarar guduma ta yi shiru. Ya gane hukuncin da aka yanke masa, abin ya yi masa zafi ƙwarai. Maganar ta kai kunnen Sarki Napoleon na Uku, ya ba da umarni a ci gaba da aikin. Mu ma muna janye magina. A ofis a ba wani kujerar mutum tun bai fito daga asibiti ba, a gida a daina shawara da shi a kan kuɗin makarantar 'ya'yansa, a coci a cire sunansa daga kwamiti ba tare da an tambaye shi ba, a riƙa magana a kansa yana zaune kamar ba ya wurin. Wanda bakinsa ya yi nauyi sau da yawa yana jin kome, yana kuma fahimta.

Sauƙi ya zo da tafiyar hawainiya. Sai wajen ƙarshen Nuwamba ya iya barin gado ya zauna a kujera na ɗan lokaci. A Disamba ya fara takawa daga gado zuwa kujera ana riƙe da shi, kafin shekara ta ƙare ya yi 'yan taku shi kaɗai. Matarsa da 'yarsa Marie-Louise suna karanta masa littattafai, ciki har da na Bishof Bossuet a kan sanin Allah da sanin kai. A watan Janairu na 1869, wata uku da faɗuwarsa, ya nace sai an kai shi kudu domin lokacin gwajin ƙwan tsutsa ya matso. Aka ɗauke shi zuwa tashar jirgin ƙasa, aka shimfiɗa shi a cikin tarago, suka yi tafiyar da mai lafiya ma yake jin jiki. A Saint-Hippolyte-du-Fort ya sauka. Yana zaune a kujera, almajiransa suna duba madubi suna kawo masa rahoto. Can ne gaggawa ta cuce shi, ya yi ƙoƙarin tafiya ba mataimaki, ya faɗi a kan daɓen dutse, ya koma gado na wasu makonni.

Likitocin yau ba za su yaba wa wannan tafiya ba, amma za su yarda da abin da ke ƙarƙashinta. An gano cewa ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sababbin hanyoyi, sassan da suka tsira su koyi wani ɓangare na aikin sashen da ya mutu, kuma maimaitawa ce take koya musu. Shi ya sa ma'aikatan sashen gashi a asibiti suke tayar da majinyaci zaune tun a kwanakin farko, idan likita ya ga jikinsa ya daidaita, su sa shi ɗaga cokali sau ɗari, su sa shi tsayawa, su sa shi taku. Wata uku zuwa shida na farko su ne lokacin da sauƙi ya fi sauri, ko da yake ba a nan yake tsayawa ba. Wanda aka bari kwance saboda tausayi, gaɓoɓinsa sukan ƙage, bayansa ya yi gyambo. Masu jinya su riƙa juya shi, kada su ja shi ta hannun da ya shanye domin kafaɗar tana iya gocewa, su lura ko yana ƙwarewa in yana haɗiya, su kawar da abin tuntuɓe daga hanyarsa. Baƙin ciki mai nauyi yakan biyo bayan ciwon, shi ma abin faɗa wa likita ne. Maganin hawan jini kuwa ba a ajiye shi don an ji sauƙi.

Dabarar da Pasteur ya tsayar ga masu kiwon tsutsa mai sauƙi ce. A ware kowace uwa ta yi ƙwanta a kan ƙyalle nata, sa'an nan a niƙe ta a duba da madubi, in an ga alamar ciwo a ƙone ƙwan. Daga Nuwamba 1869 zuwa tsakiyar 1870 ya gwada ta a wata gonar gidan sarauta, Villa Vicentina, kusa da Trieste, gonar da ta yi shekaru ba ta ba da riba ba ta ba da riba. A can matarsa ta riƙa rubuta abin da yake faɗa har littafinsa a kan ciwon tsutsa ya fito a 1870.

Bai warke sarai ba, kada mu yi wa kanmu ƙarya. Har ya mutu hannun hagunsa a lanƙwashe yake, yana jan ƙafa, kamar kakanmu Yakubu bayan kokawar dare a bakin kogi. Mai binciken da aikinsa duka na kwalabe ne da allurai ya rasa hannu ɗaya. Sai ya ari hannuwan wasu: Émile Roux, da Charles Chamberland, da Louis Thuillier wanda kwalara ta kashe a Iskandariya ta Masar a 1883 yana bakin aiki, da Adrien Loir ɗan 'yar'uwar matarsa. Shi yana tsaye a bayansu yana kallo, yana gyara, yana rubutawa. Idan muna karanta labarin shanyayyen da aka zurara ta rufin ɗaki a gaban Yesu, a Bisharar Markus sura 2, mukan manta cewa mutum huɗu ne suka ɗauko shi, kuma bangaskiyarsu ce Ubangiji ya duba. A 1874 majalisar dokokin ƙasar ta yanka masa fansho na faran 12,000 a shekara, ya huta da koyarwa ya fuskanci bincike.

A watan Mayu na 1881, a wata gona a Pouilly-le-Fort, aka kawo tumaki wajen hamsin a gaban manoma da likitocin dabbobi da 'yan jarida. Aka yi wa rabi allurar rigakafin cutar antaraks, mai baƙanta jinin dabba ta kumbura saifarta, aka bar rabi. Ranar 31 ga wata aka sa wa dukansu ƙwayar cutar mai ƙarfi. Ranar 2 ga Yuni jama'a suka dawo suka tarar waɗanda ba a yi wa allura ba sun mutu ko suna shure-shure, sauran kuwa suna tsaye. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom ta daɗe tana yi wa makiyayanmu rigakafin wannan cuta. Irin da take yi wani ne da aka inganta daga baya, amma hanyar daga waccan gona ta taso.

Ranar 6 ga Yuli, 1885, wata uwa daga Alsace ta kawo ɗanta Joseph Meister, mai shekara 9, wanda mahaukacin kare ya cije a wurare 14. Pasteur yana da rigakafin da ya gwada a kan karnuka. Shi ba likita ba ne, doka ba ta ba shi ikon yi wa mutum allura ba, don haka Likita Grancher ne ya yi wa yaron allura 13 cikin kwana goma sha ɗaya, tsohon kuma ya kasa barci. Yaron ya rayu, ya girma, ya zama mai gadin ƙofar cibiyar da aka buɗe da sunan Pasteur a Faris ranar 14 ga Nuwamba, 1888. Ba kowa aka ceta ba. Wata yarinya mai shekara 10, Louise Pelletier, an kawo ta bayan fiye da wata guda da cizo, ya san lokaci ya ƙure kuma mutuwarta za ta ba maƙiyansa abin faɗa, duk da haka ya karɓe ta, ta rasu a Disamba na wannan shekara.

Tun da na ce ba waliyyi ba ne, sai in cika maganar. Mutum ne mai zafin jayayya, mai son a ce shi ne na farko. Littattafan ajiyar bincikensa, waɗanda jikansa ya miƙa wa babban ɗakin karatu na ƙasar, sun nuna abin da ya ɓoye. A 1995 masanin tarihi Gerald Geison ya bayyana cewa allurar da aka yi wa tumakin Pouilly-le-Fort an haɗa ta ne da dabarar da mataimakansa suka shirya, mai kama da ta wani likitan dabbobi, Toussaint, alhali ya bar jama'a suna zaton tasa ce. Wannan laifi ne, ciwo kuma ba ya wanke shi. Haka nan game da addininsa. Akwai labarin da masu wa'azi suke so, na wani ɗalibi da ya yi wa tsoho ba'a a jirgin ƙasa don yana jan Rosari, daga baya ya gane Pasteur ne. Labarin ba shi da tushe, ni ma na daina ba da shi. Abin da ya tabbata shi ne an yi masa baftisma a Ikilisiyar Katolika, ya yi imani da Allah da rai madawwami, ya faɗi haka a fili a gaban manyan masanan da suke ƙaryatawa, amma bai kasance mai yawan zuwa Misa ba. Matarsa ce mai riƙon ibada a gidan.

A Oktoba 1887 ciwon ya sake taɓa shi, wannan karo a harshe, maganarsa ta raunana. Ranar 27 ga Disamba, 1892, da ya cika shekara 70, aka yi masa babban taro a jami'ar Sorbonne. Ya shigo yana jan ƙafa, yana dafe da hannun shugaban ƙasa Sadi Carnot, Lister ya taso daga cikin baƙi ya rungume shi, ɗansa Jean-Baptiste ne ya karanta jawabinsa domin muryarsa ba ta kai ba. Daga ƙarshen 1894 ƙodarsa ta fara kasawa. Ya karɓi sakramenti na ƙarshe, ya rasu ranar 28 ga Satumba, 1895, a Villeneuve-l'Étang kusa da Faris. Surukinsa René Vallery-Radot, wanda ya rubuta tarihinsa, ya shaida cewa hannunsa ɗaya yana cikin na matarsa, ɗayan yana riƙe da gicciye.

An yi masa Misar jana'iza a babban cocin Notre-Dame ranar 5 ga Oktoba. A ƙarshen 1896 aka mayar da gawarsa wani ɗakin sujada da iyalinsa suka gina a ƙarƙashin cibiyarsa. An ƙawata bangon da hotunan karnuka da tumaki da kaji da zomaye da ganyen da tsutsar siliki take ci, a saman kabarin kuma akwai mala'iku huɗu: Bangaskiya, Bege, Ƙauna, da Ilimi. Marie ta ƙara shekara 15 a bayansa, ta rasu a 1910, aka binne ta a ɗakin, a gindin bagade.